Hannun da Ya Fito Daga Ƙarƙashin Zane

Ku yaran da ke zuwa shagona koyon aiki, kowa da wayarsa a hannu, tambayarku ɗaya ce kullum: "Mama Ladi, wai hoton jariri ma sai an koya? Ba dannawa kawai ake yi ba?" Nakan ce to ga jariri nan, bismilla, a danna. Sai ku danna sau ashirin, ku kawo mini ashirin ɗin, yaro ya wage baki yana tsala ihu, uwa ta haɗe rai kamar an kawo ta caji ofis. Daga nan ku ce laifin haske ne. Haske bai yi muku komai ba. Ku ja benci ku zauna, in gaya muku yadda na koyi wannan sana'a, da shekarar da ta kusa fitar da ni daga cikinta.

Ni 'yar Agwada ce. Da na gama firamare babana ya ce ba shi da halin kai ni gaba, sai aka turo ni Keffi wurin ƙanwar mamata. Ita ta kai ni shagon Oga Lasisi, wani Bayarabe mai ɗaukar hoto a kusa da tasha. Ba don kyauna ya ɗauke ni ba, ba kuma don tausayi ba. Aikin suna da na biki a cikin gidaje yake, shi kuwa namiji ne, iyakarsa zaure. Yana neman macen da za ta shiga inda ba ya iya shiga. Shekara guda cur ban taɓa kyamara ba. Aikina wanke farantan maganin wanke hoto a ɗakin duhu, shanya hotuna a igiya, da gyara gefen kati da almakashi. Jan ƙwan fitila ɗaya ne a ɗakin, ga warin magani mai hawa kai, ga zafi. Idan na yi gunaguni sai ya ce da Hausarsa ta tasha, "Ladi, kai yi haƙuri. Wanda bai wanke hoto ba, ba ya san abin da ya ɗauka." Mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa, har ya bar garin nan bai gyara ba.

Aikin farko da ya tura ni ni kaɗai wani suna ne a Jigwada. Ya rataya mini kyamara a wuya, fim ɗaya a ciki, hoto talatin da shida, ya ce idan na ɓata ko ɗaya kada in dawo masa da labari. Na shiga ɗakin mai jego, duhu, ga hayaƙin turare. Na matsa dab da fuskar jaririn kwana bakwai na sakar masa filas. Yaro ya zabura ya ƙwalla ƙara, wata tsohuwa ta ɗauki mafici ta bi ni da shi har tsakar gida, tana cewa na zo makantar musu da jika. Da na koma ina kuka, Oga bai yi faɗa ba. Ya ce gobe in koma da hantsi, in roƙi a fito da uwa da ɗa bakin ƙofa inda rana ke shigowa a kaikaice, in ajiye filas a jaka. Tun daga ranar ban sake haska wa jariri wuta a ido ba.

Abu na biyu da na koya shi ne jariri sabon haihuwa ba ya ganinka. Ka tsaya can nesa kana kaɗa makulli kana kiran "kalli nan, kalli nan", wahalar da bakinka kawai kake yi. Ganinsa bai wuce daga ƙirjin uwarsa zuwa fuskarta ba. Na daɗe da lura da haka kafin wata nas ta tabbatar mini cewa haka Allah ya yi su. Saboda haka mai hoton da ya san aikinsa ba ya lallashin jariri. Uwar yake lallashi. Idan ta saki jiki, yaron ma zai saki jiki. Idan ta riƙe numfashi don tana tsoron kyamara, kafin ka ƙirga uku ya fara mutsu-mutsu.

Na ɗauki iyaye mata iri-iri. Matan cocinmu ranar miƙa yaro, su ba ruwansu, sai su rungume, su sumbata, har sai ka ce a ɗan sassauta don fuskar yaro ta fito. Matan cikin gari masu haihuwa ta uku ko ta huɗu ma ba wuya, suna dariya suna tsokanar juna. Wahalar tana wurin mai ɗan fari. A tsofaffin gidajen garin nan, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban manya, ba ta ko kallonsa idan da mutane. Idan zai sha nono sai an matsa mata, tana kau da kai. Kunya ce, kuma abin yabo ce a wurinsu. To ta yaya za ka ɗauki hoton jaririn da wuyansa bai tsaya ba, alhali uwarsa ta ce ita ba za ta fito a hoto tare da shi ba?

Oga yana da dabara, ita muke kira kujerar zane. Uwa za ta zauna a kan turmi ko kujera 'yar tsugunno, a lulluɓe ta da atamfa mai kyau tun daga kai har ƙasa, a ɗora mata yaron a cinya. Ta ƙarƙashin zanen za ta tallafe shi. Idan hoto ya fito, sai ka ga yaro zaune a kan wata kujera mai furanni, ba ka san da mutum a ciki ba. Dokar aikin ɗaya ce: kada hannu ya fito. Ko ɗan yatsa ya leƙo, hoto ya lalace, sai a sake, fim kuwa ba a ƙasa ake tsintarsa ba.

Shekaru na yi ina leƙen wannan kujera ta idon kyamara, har na gane abin da Oga bai faɗa mini ba. Kujerar tana motsi. Za ka ga zanen yana ɗan rawa wajen ƙafar yaron, babban yatsa ne yake shafa masa tafin ƙafa. Za ka ga gwiwa tana jijjiga a hankali. Yaron kuma ya san a kan wa yake, sai ya jingina kansa baya ya lumshe ido. Har waɗanda suka yarda a ɗauke su fuska a buɗe, idonsu na kan bango, sun yi kicin-kicin, amma ka dubi hannun. Ɗaya na ƙarƙashin ƙeya, ɗaya ya naɗe ƙafa. A fuska kawai suke yin kunyar, hannu bai taɓa yarda ba.

Lokacin da aka ba mu jiha, Abuja kuma ta fara cin mazan garin nan, aiki ya buɗe. Magina, kafintoci, direbobi, kowa ya tafi, sai ƙarshen wata ake ganinsu. Kowanne yana son hoton ɗansa a aljihu. A lokacin Oga ya tsufa ya koma garinsu, ya bar mini shago da kyamara da labulen nan mai zanen bene da jirgin sama da kuke yi wa dariya. Hoto mai kala ya shigo, ni kuwa ba ni da injinsa, don haka duk Talata nake shiga mota in kai fim Abuja a wanke, in dawo da na makon da ya wuce.

Wata Lahadi da yamma wani magini mai suna Isiyaku ya tsaya a shagona, jakarsa a kafaɗa, zai shiga motar Abuja. Ya ce matarsa Hajara ta haihu, ɗan fari, namiji, tana wankan jego a gidan iyayenta a Gangaren Tudu. Yau kusan wata guda ke nan.

"Anti, wallahi ban ƙare wa yaron nan kallo ba," in ji shi. "Gidan surukai ne. Ana miƙo mini shi a zaure, in yi addu'a in mayar. Ki taimaka ki ɗauko mini shi, ko a wurin aiki na riƙa dubawa."

Washegari da hantsi na je. Wadda ta tarbe ni ita ce Gwaggo Dije, yayar mahaifin Hajara, ita ke yi mata wankan jego, ita ke da magana a kan komai. Doguwar tsohuwa ce mai murya. Mahaifiyar Hajara kuwa, Inna Rabi, tana bakin murhu ta ba mu baya, ta amsa gaisuwata ba ta juyo ba.

"Mai hoto, yau za ki ga 'yar gidan mutunci," in ji Gwaggo. "Yaran zamani kowace ta haihu sai ta riƙa lallaɓa ɗa a gaban mutane ba kunya. Tamu kuwa, ko kallonsa ba ta taɓa yi ba. Nono ma sai na tsaya a kanta. Har dangin mijin sun yaba."

Aka fito da Hajara. Na zaunar da ita a kan turmi, na lulluɓe ta, Gwaggo ta ɗora mata yaron, Sadiƙu sunansa. Na koma baya na leƙa. Na jira zanen ya motsa. Bai motsa ba. Ba yatsa, ba gwiwa. Yaron ya fara zamewa gefe a hankali, hannun da ke ƙasa bai bi shi ba, sai da Gwaggo ta yi wuf ta tare shi. Muka sake. Ya juya kansa yana neman ƙirji, ya nema, ya nema, sai ya bari. Bai yi kuka ba. Ya zuba wa sama ido kawai. A aikin nan yaron da ke kuka bai taɓa ba ni tsoro ba, wanda ya daina ne ke ba ni. Na lura wuyan hannunsa siriri ne, bai kai na ɗan wata guda ba. Na danna sau uku, Gwaggo na tare shi daga gefe, sannan na ɗauki ɗaya fuska a buɗe da sunan na ajiyar gida.

Da Gwaggo ta shiga da yaron ɗaki, na tsuguna ina naɗe atamfata. Ga kwanon kunun kanwa a gefen Hajara, ya huce har ya yi fata, ba a taɓa ba. Gaban rigarta ya jiƙe da nono.

"Sannu Hajara," na ce ƙasa-ƙasa. "Kina samun barci kuwa?"

"Anti, ba na jin komai," ta ce. "Idan an ɗora mini shi, kamar an ɗora mini ƙullin kaya. Ni wace irin uwa ce?"

Kafin in buɗe baki Gwaggo ta fito, Hajara ta sunkuyar da kai.

Na kai fim Talata, na karɓo Talata ta gaba. A cikin mota na buɗe ambulan, ban iya jira ba. Abin da na gani da ido shi ne a kati. Hannayenta na kwance a cinya, tafin a sama, yaron na bisa su kamar an ajiye shi a kan benci. Ban yi karatun likita ba, amma na ɗauki masu ɗan fari ba iyaka, na san wannan ba kunya ba ce. Na ce a raina sai na nuna wa Gwaggo, ko za ta kore ni.

A nan na tafka kuskuren da nake so ku riƙe. Ina da wani kundi da nake ajiye kwafin hotunan da suka yi kyau. Na ɗauke shi na tafi da shi. Na buɗe wa Gwaggo a tsakar gida, a gaban matan gidan, ina nuna mata masu ɗan fari ɗaya bayan ɗaya.

"Gwaggo, dubi wannan, ita ma ta kau da kai, amma dubi hannunta. Dubi wannan ma. Yanzu dubi na Hajara. Yarinyar nan ba ta da lafiya, a kai ta asibiti."

Gwaggo ba hannu ta duba ba, fuskoki ta duba. "Wannan ba matar Malam Tanko ba ce? Wannan ba surukar gidan liman ba ce? Ashe yawo kike yi da matan mutane a jaka!" Ta miƙe tsaye. "Sannan ke, daga zuwa cin arziki, za ki koya mana yadda ake kunya? 'Yarmu kike cewa ta taɓu? Tashi ki fita, kada in sake ganin ƙafarki a gidan nan."

Na fita, rabi fushi rabi kunya. A kan Hajara ina da gaskiya. A kan kundin kuwa Gwaggo ce ke da gaskiya. Hoton matar wani amana ce, ba a yawo da shi ko da niyyar alheri. Kafin mako ya zagayo magana ta gama unguwa: Ladi mai hoto tana nuna matan aure a gari, tana kuma kiran 'ya'yan mutane mahaukata.

Kwana huɗu bayan nan, da azahar, wata mata ta shigo shagona ta rufe fuska da mayafi. Sai da ta zauna na gane Inna Rabi ce. Ta ce daga dubiya take. Ta zuba wa labulen jirgin sama ido.

"Ba ni hoton nan in gani," ta ce.

Na ba ta. Ta riƙe shi da hannu biyu.

"Ni ma na gani," ta ce. "Tun kwana goma da haihuwa na gani. Amma yarinyar nan ita ce ta farina. Shekara ashirin da biyu ban taɓa kiran sunanta ba. Idan na ce ba ta cin abinci, a ce ina nuna son 'yar fari. Sai ta juya baya nake kallonta." Ta share ido da gefen mayafi. "Ba ni da bakin magana a gaban Yaya Dije. Mijin kuma surukina ne, ba na iya tsayawa da shi. Ke ba 'yar gida ba ce, ba abin da ya ɗaure ki. Don Allah ki je ki same shi."

Saura kwana biyu a yi arba'in. Ban jira Talata ba, washegari na rufe shago na shiga mota. Isiyaku ya taɓa kwatanta mini inda suke gini, wani fili da a da daji ne, yanzu benaye sun tsaya birjik ba rufi. Na yi ta tambaya har aka kira mini shi daga saman katako. Ya goge siminti a wandonsa kafin ya karɓi hoton. Na bar shi ya gama murnar ganin ɗansa, sannan na gaya masa abin da na gani da abin da matarsa ta faɗa mini.

Ya zauna a kan bulo. "Ni na ɗauka ni ne ba ta so," ya ce. "Idan na je ba ta ko ɗaga kai. Da can kuwa Hajara ba ta rufe baki, ita ke ba ni dariya." Ya miƙe ya je ya yi magana da shugaban aikinsu, ya ɗauko jakarsa. Mota ɗaya muka shigo Keffi.

Maganar miji ta fi ƙarfin Gwaggo. Ranar da aka yi arba'in ya ce a kai yaro awo da rigakafi, uwar ma a duba ta. Na riga na je na yi wa Sista Na'omi bayani, wata nas 'yar cocinmu da ke aiki a wani ƙaramin asibiti. Ta ɗora Sadiƙu a sikeli, ta duba nauyinsa. Ta shiga da Hajara ciki suka daɗe. Da ta fito ta tara mu, ni da Isiyaku da Inna Rabi.

"Ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba kuma mugun hali ba ne," ta ce. "Ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, yana da magani. Zan haɗa ku da likita. Amma magani kaɗai ba zai isa ba. Ta ci, ta yi barci, wani ya karɓi yaron ta huta. Sannan kullum a ba su lokaci su biyu a ɗaki, shi a kan ƙirjinta, ba mai leƙe. Ai don idon mutane ake kunyar. To ku janye idon."

Isiyaku ya sayo shayi da burodi a bakin asibitin. Hajara ta riƙe kofin ba ta sha ba. Ina tsaye na ji Inna Rabi ta matsa kusa da ita ta ce, "Hajara. Sha." Hajara ta ɗago ta kalli uwarta kamar ba ta gane muryar ba. Sai ta fashe da kuka, kukan farko da wani ya ji ta yi tun da ta haihu. Bayan ta gama ta sha shayin.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya daidaita. Gwaggo ta koma gidanta bayan arba'in kamar yadda aka saba, Hajara ta zauna a ɗakin Inna Rabi maimakon ta koma ɗakin miji inda ba kowa. Ni kuma duk Juma'a sai in rataya kyamara in je, wai ɗaukar hoto. Ba fim a ciki. Ban da halin ɓarnar fim a shekarar, dalilin shiga kawai nake nema. Nakan zaunar da su a bakin ƙofa, in leƙa, in danna wayam. Wani makon in ga ta gyara masa kai da kanta, in koma gida da murna. Mako na gaba in tarar ta koma kwance ta juya wa bango fuska. Akwai ranar da ta ce mini ta daina shan maganin, ba ya yin komai. Na ce to ni ma ba zan tashi daga kan turmin nan ba sai ta sha, ko da Gwaggo za ta zo ta same ni. Ta yi ɗan murmushi ta sha.

Ita ce shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata. Gidajen cikin gari suka rufe mini ƙofa, daga Gangaren Tudu har unguwannin da ban taɓa saɓa wa kowa ba. Ba suna, ba biki. Wasu maza suka zo shago suka ce in ba su hotunan matansu har da nagatif, wato fim ɗin da ake wanko su daga ciki. Na ba su, na kuma bi sauran gida-gida na mayar, ina tsayawa a zaure ina ba da haƙuri. Kundin da na yi shekaru ina tarawa ya koma bango biyu. Na koma ɗaukar fasfo na masu neman aiki a Lafiya da Abuja, kai da kafaɗa, kai da kafaɗa, tun safe har yamma, aikin da ko makaho zai iya. Na sayar da kyamarata ta biyu. Ƙanwar mamata ta ce in bar abin nan in kama sayar da doya. Na ce doya tana da masu ita, ni wannan na iya, kuma a nan za a same ni.

Sadiƙu na da wata bakwai aka yi ƙaramar salla. Kwana uku bayan salla, da safe, na ga mata uku sun tsaya a ƙofar shago: Hajara, Inna Rabi, da Gwaggo Dije da yaron a hannunta. Isiyaku ne ya ce a yi masa sabon hoto, kuma ni yake so in ɗauka. Gwaggo ta shigo tana kallon rufi, ta amsa gaisuwata da hanci. Yaron ya yi ɓul-ɓul, wuyan hannu har ya yi guru, an sa masa 'yar shadda da hula.

Na sa fim na gaske. Na zaunar da Hajara, na lulluɓe ta da atamfar nan dai, Gwaggo ta ɗora mata shi. Yaro ɗan wata bakwai yana gani sarai, don haka na ciro makullina na kaɗa. Ashe na kaɗa da yawa. Ya yi dariya ya zaburo gaba ɗaya zai kamo, ya tafi zai kifa da ka. Kafin Gwaggo ta motsa, hannu ya fito daga ƙarƙashin zane ya cafe shi a ciki, ya jawo shi ya manna a ƙirji. Ɗaya hannun ya riga ya kama ƙafa, babban yatsa na shafa tafin. Yaron ya jingina kansa baya yana ƙyalƙyala dariya. Yatsana ya danna da kansa.

"Kai, hannu ya fito," in ji Gwaggo. "Hoto ya lalace. Mai hoto, sake."

Na ɗaga kyamara zan sake, don doka ce. Sai murya ta fito daga cikin zanen, a hankali amma kowa ya ji.

"Gwaggo, a bar shi haka."

Inna Rabi ta juya tana kallon titi, kafaɗunta na rawa. Gwaggo ta dubi hannun nan da har yanzu bai koma ba, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta gyara mayafinta.

"To, wa ya ga fuskarta?" ta ce. "Ai kunya ba ta zube ba. A bar shi."

Ƙofofin ba rana ɗaya suka buɗe ba, sun ɗauki fiye da shekara. Gwaggo ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba har ta rasu, amma ita ce ta fara aiko mini in zo sunan wata jikarta, daga nan sauran suka biyo. Tun daga lokacin, duk mai jegon da na lulluɓe, hannunta nake fara dubawa kafin haske. Sau uku bayan Hajara na ga zane bai motsa ba. Ban ɗauki kundi ba, ban tara mutane ba. Na nemi wanda ke da bakin magana a gidan na gaya masa a keɓe.

Ga hoton can a saman teburina. Shi kaɗai ne hoton matar aure da na taɓa ratayewa, shi ma sai da Isiyaku da Hajara suka yarda. Kalarsa ta koɗe, yaron da ke ciki yanzu ya fi ku tsawo. Makon jiya ɗayanku ya tsaya yana kallonsa ya ce, "Mama Ladi, wannan akwai kuskure, hannu ya fito. Ki kawo in sa a kwamfuta, minti biyu na goge shi." Na ce masa ya goge duk abin da ya ga dama a shagon nan, har da jirgin saman labule. Amma ranar da ya taɓa hannun nan, ya ɗauki wayarsa ya nemi wani shagon.